Direban Ramin Peyrolet

Firmin Tamisier ɗan Peyrolet ne gaba da baya, ƙauyen nan da ke maƙale a gindin dutse a kudancin Faransa. Ubansa haƙar jar ƙasa yake yi, irin wadda ake haɗa fenti da ita, kakansa ma haka. A gidansu komai ja ne, daga tawul har dokin ƙofa, har gashin hancin tsohon. Tun yana ɗan saurayi Firmin ya ɗauki diga ya bi ubansa, bai taɓa tunanin wata sana'a ba, sai da fentin kanti mai araha ya shigo, ramukan jar ƙasa suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Samarin ƙauyen suka watse, yawancinsu suka tafi dako a tashar jiragen ruwa ta Marseille. Shi ma har ya haɗa kayansa, abin da ya riƙe shi kawai wata yarinya ce mai kiwon awaki, Josette, wadda ta ce masa ita ƙafarta ba za ta bar Peyrolet ba, in yana son ta ya zauna.

Yana cikin wannan wasiwasi, a shekarar 1966, sai ga motocin soja sun hawo ƙauyen. Wasu mutane suka sauko suna kakkafa sanduna suna leƙen dutsen ta cikin na'ura. Magajin gari ya tara jama'a ya ce gwamnati za ta binne makamai masu linzami na nukiliya a kan tudun da ke bayan dutse, kowanne da raminsa, ɗakin da za a riƙa ba su umarnin tashi kuwa a cikin dutsen Peyrolet za a haƙa shi. Manoman da aka yanki gonakinsu na furen turare suka yi ta kumfar baki. Sauran jama'a kuwa abu ɗaya suka ji: aiki ya zo. Firmin ya kwance kayansa, ya auri Josette, ya shiga sahun masu haƙa.

Aikin bai ba shi wuya ba, dutse dai dutse ne. Abin da ya ɗaure masa kai shi ne yadda hanyar take tafiya. Sai a miƙe ana haƙawa, can sai a ce a karya kwana, a bar wani lungu a gaba wanda ba ya ɓullewa ko'ina. Wata rana suna cin burodi da zaitun ya tambayi helumansu, wani ɗan Italiya mai suna Gino.

"Heluma, wai me ya sa muke ta karya kwana? Da mun miƙe sak ai da tuni mun isa."

"Kai dai haƙa aka ce ka yi."

"Ina haƙawa. Tambaya na yi."

Gino ya tofar da ƙwallon zaitun. "Saboda iska. In bom ya faɗo a bakin ramin, iskarsa za ta shigo a guje. Sai ta zarce cikin wancan lungun ta bugi bango, mutanen ciki su sami sararin yin aikinsu."

"Wane bom kuma? Ai a kan tudu aka ce za a ajiye su."

"Ba namu ba, sakarai, nasu. Kana tsammanin za ka ɗora wa mutum bindiga a ka ya tsaya yana kallon ka? Ranar da abin zai ɓaci, nan za su fara bugawa."

"To, ƙauyen fa?"

Gino ya dube shi, ya kawar da kai. "Ƙauyen ba ya cikin zanen da aka ba ni."

Firmin bai ƙarasa burodinsa ba. Da yamma da ya fito, ya tsaya a bakin ramin yana kallon rufin gidajen Peyrolet a ƙasa, ga hasumiyar coci, ga hayaƙin girki yana tashi, ga awakin Josette suna gangarowa. Duka duka tafiyar da ba za ta sa mutum gumi ba. Tun daga ranar wani abu ya zauna masa a ƙahon zuciya, bai kuma faɗa wa kowa ba.

Da aka gama ginin a 1971, shekarar da aka haifi 'yarsu Nadine, aka sallami leburori, amma aka riƙe Firmin. Aka rantsar da shi cewa abin da idonsa ya gani a ciki ba zai faɗa wa kowa ba, ko da matarsa ce, sannan aka ba shi wata 'yar mota mai batir. Aikinsa shi ne kowace safiya ya ɗauki hafsoshi biyu da abincinsu daga bakin ramin, ya ratsa da su ƙofofin ƙarfe masu kaurin gaske har can ƙuryar dutsen, ya ɗauko biyun da suka kwana. A ƙuryar akwai wani ɗaki na ƙarfe mai kamar ƙwai, an rataye shi a kan sifirin don kada girgiza ta taɓa shi. Kujeru biyu ne a ciki, nesa da juna yadda hannun mutum ɗaya ba zai kai ga makullai biyun da sai an murɗa su tare makaman za su tashi ba. Firmin bai taɓa wuce bakin ƙofar ɗakin ba, bai kuma taɓa sha'awa ba.

A ƙauye kowa ya san inda yake aiki, ba wanda ya san me yake yi, don haka suka mai da abin wasa. In ya shiga shagon shan giya na Baptistin da yamma, sai mai shagon ya ɗaga murya.

"Ku matsa wa direban lahira! Firmin, yau ma ba ku tashe mu ba? To, ka gaya wa yaranka su bari sai bayan bikin ƙanwata, na riga na sayi naman."

Sai a kwashe da dariya. Shi ma yakan yi murmushi ya karɓi kofinsa. Amma Larabar farko ta kowane wata, in aka gwada jiniyar gari da tsakar rana, ko da ya san gwaji ne, sai ya tsaya cak har ta ɗauke. In jirgi ya ja farin layi a sama, sai ya bi shi da ido har ya ɓace. Josette takan ce, "Kai wannan mutum, me ka ajiye a sama ne?" Sai ya ce ruwa yake dubawa.

Hafsoshin yara ne a idonsa, suna kiran sa Baba Firmin. Wasu ba sa magana a hanya, wasu kuwa ba sa rufe baki. Cikin masu surutun akwai Kyaftin Kerbrat, wani dogo daga arewa, bakin teku, wanda kullum yake ƙorafin zafin kudu da yawan tafarnuwa a abinci. Sun saba sosai, har wata safiya Firmin ya yi ƙarfin hali ya tambaye shi.

"Yallaɓai, in umarnin ya zo, da gaske za ka murɗa?"

"Haba Baba Firmin, da sassafe? Ai zaman da nake yi a can shi ne ya sa ba zai zo ba. Sun san ina nan, na san suna can, kowa ya kama kansa."

"In kuma ya zo fa? Bayan kun murɗa sai me?"

"Akwai wata rijiya a bayan ɗakin da ta hau har ƙolin dutse, an cika ta da yashi. Sai mu zubar da yashin, mu hau tsani, mu fita."

"Ku fita ku ga me?"

Ɗan'uwan aikin Kerbrat da ke zaune a baya ya ce, "Baba, ka kula da kwanar nan."

Haka aka yi ta tafiya har kakar 1983. Wannan shekara rediyo ba ta da labari mai daɗi. An harbo jirgin fasinja a gabas, ana ta girke sababbin makamai a Jamus, manyan ƙasashe suna ta zagin juna. Ko Baptistin ya rage wasan direban lahira. A cikin rami hafsoshi suka daina barkwanci, masu gadi suka riƙa duba fuskar Firmin kamar ba su san shi ba.

Wata Asabar, ranar kasuwa, Josette ta ɗauki cukun awaki ta tafi gari tare da Nadine. Gari ya waye tas, ko ɗigon gajimare babu. Firmin ya kai Kerbrat da abokinsa ƙurya, ya fito da na jiya, sannan aka sake tura shi ciki da wasu gorunan ruwa. Ya sauke, ya juyo shi kaɗai. Yana tsakiyar hanya, tsakanin ƙofa ta biyu da ta uku, sai jiniya ta ɗauka.

Ya sha jin ta, amma kullum akan raɗa masa tun da safe cewa yau akwai atisaye. Yau ba wanda ya ce masa komai. Jajayen fitilu suka kama walƙiya. Ya taka motar iya ƙarfinta, yana ganin ƙofar gabansa tana tafiya a hankali, kafin ya isa ta haɗe da bango. Ya waiwaya, ta baya ma ta rufe. Sai ya ji injinan da ke jawo iska daga waje sun yi shiru, abin da bai taɓa ji ba tun da aka buɗe wurin. Fitilu suka mutu. A cikin duhun nan wani abu ya buga, dum, har ya ji shi a tafin ƙafarsa da haƙoransa. Can wasu 'yan fitilu marasa ƙarfi suka kawo.

Akwai tarho a jikin bango. Ya rarumo shi.

"Firmin ne! Ina tsakanin ƙofofi! Me ya faru?"

Wata murya da bai gane ba ta ce, "Tsaya inda kake. Sauka daga layi." Aka katse. Ya sake ɗagawa, ko ƙara babu.

Sai ya sulale ya zauna a ƙasa. Shi ya haƙa wurin nan, ya san abin da aka gina shi dominsa. An rufe ƙofofi, an toshe iska, dutse ya motsa. A ganinsa ba sauran tambaya. Ya ga Josette a bayan teburinta a kasuwa, tana naɗe cuku a ganye tana ciniki da wata mata. Ya ga Nadine da jar rigarta, ta tafi wajen mai sayar da alewa kamar yadda ta saba. Ya yi ta ƙoƙarin tuna ko ya yi musu sallama da safe, ya kasa. Ya tashi ya riƙa dukan ƙofar da hannu, yana kiran sunayensu, ƙarfen ko amsa kuwwa bai yi ba. Ya ɗauko ƙarfen canza taya ya yi ta bugu har ya suɓuce ya fasa masa yatsa. Bai ji zafi ba.

Da ƙarfinsa ya ƙare sai wani tunanin ya zo, wanda ya fi na farko muni. Can bayan ɗaya ƙofar, yaran nan biyu da ya kawo da hannunsa, da burodinsu da kofinsu, wataƙila sun riga sun murɗa. Wataƙila a wannan lokacin wata kasuwar tana ci a wani gari da bai san sunansa ba, da wata mai cuku, da wata yarinya. Ya yi amai a gefen motar. Rabonsa da coci tun ranar da aka yi wa Nadine baftisma, amma ya durƙusa yana ta maimaita guntun addu'ar da ya tuna, yana haɗa ta da sunan matarsa. Wandonsa ya jiƙe bai san lokacin ba.

Bai san tsawon zaman da ya yi ba. Tun yana roƙon a buɗe ƙofar, har ya koma tsoron a buɗe ta. Ya gwammace ya mutu a nan cikin ɗan hasken nan da ya fita ya ga abin da ya rage. Don haka da ƙarfen ya yi ƙara ya fara ja da baya, Firmin rarrafawa ya yi ya ɓuya a bayan motarsa.

Saje Rouvier ne, shugaban masu gadin ƙofa, ya shigo da tocila, rigar ruwansa tana ɗiga.

"Baba Firmin? Kana ina? Kai, mun manta da kai sam! Fito mana."

Firmin ya leƙo. "Peyrolet tana nan?"

"Ina za ta je?"

"Kasuwa fa? Mutanen kasuwa?"

Rouvier ya fashe da dariya. "Sun jiƙe dai sharkaf. Hadari ne ya taso bagatatan, aradu ta faɗa kan eriyar ƙolin dutse ta ƙone wayoyi, wurin ya rufe kansa. Ƙarar da ka ji babban injin wuta ne ya tashi." Ya haska fuskar Firmin, ya haska hannunsa da wandonsa, sai dariyar ta tsaya. Ya tuɓe rigar ruwansa ya yafa masa. "Zo mu je, Baba. Ba wanda zai gani."

Firmin ya manta da babur ɗinsa, da ƙafa ya gangara cikin ruwan. Yana tafe yana taɓa abubuwa, katangar gona, itacen ɓaure, akwatin gidan waya. Ya tarar da Josette a tsakar gida tana kora awaki cikin garke tana zagin su, Nadine kuma tana taya ta da tsintsiya. Ya rungume su duka biyun ya ƙi saki.

"Lafiya? Sake ni mana, awaki za su fice! Giya ka sha da rana tsaka? Me ya sami hannunka?"

"Ƙofa ce ta datse ni," in ji shi. Iyakar abin da rantsuwarsa ta bar shi ya faɗa ke nan.

Da ya koma aiki, ranar da ya sake ɗaukar Kerbrat, sai da suka yi nisa ya ce, "Yallaɓai, ku me kuka yi a ciki?"

"Mun ɗaura bel, mun zauna, muna jiran saƙo."

"Da ya zo fa?"

"Bai zo ba, Baba Firmin." Can ya ce, "Matata tana da ciki, ka sani?" Kafin shekara ta zagayo Kerbrat ya nemi a mai da shi wani wurin, Firmin bai ƙara jin labarinsa ba.

Shi kuwa Firmin bai koma daidai ba. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙaurace masa, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ya ce wa Josette su sayar da komai su tashi.

"Mu tashi mu je ina? Uwata tana kwance a maƙabartar nan, awakina sun san dutsen nan. In aikin ne ya ishe ka, ka bar shi mana."

Barin aikin kuma ya gagare shi. Gani yake in yana ciki, aƙalla zai riƙa karanta fuskokin hafsoshi ya san inda aka kwana. In yana waje, sai dai abin ya same shi yana tatsar akuya. Sai ya juya kan Nadine. Yana da yaya, Yvonne, a Bayonne, can ƙarshen ƙasar ta yamma. Ya ce yarinyar za ta koma wurinta ta yi makaranta.

"Makarantar garin nan me ta yi?" in ji Josette. "Ɗiya ɗaya gare ni, Firmin. Ɗaya!"

"Ta can ta fi kyau."

"Ƙarya kake. Dube ni. Me ka gani a ramin nan?"

"Ban ga komai ba."

"To, in ba ka ga komai ba, bar min 'yata."

Suka yi makonni a haka, ba faɗan da ba su yi ba. Josette ta daina yi masa magana, ta daina zama teburi da shi. Amma tana kallon yadda yake zabura in ƙofa ta buga. Wata rana da hantsi ta same shi a garke ya dafe kai yana kuka kamar yaro. Ba ta tambaye shi komai ba, ta koma ɗaki ta fara ninke kayan Nadine.

Yarinyar tana da shekara goma sha biyu. A tashar jirgin ƙasa ta riƙe rigar uwarta tana cewa, "Baba, me na yi? In don maganar lissafi ce, zan gyara." Ya ce ba ta yi komai ba. Ta ce, "To, me ya sa?" Ya ɗauki akwatinta ya sa a jirgi.

Nadine ta girma a hannun Goggo Yvonne. In ta zo hutu, kwana kaɗan sai uban ya fara tambayar yaushe za ta koma, ya je ya yanko mata tikiti tun ba ta nema ba. Wata shekara, tana budurwa, ta ajiye cokali ta ce, "Baba, ni baƙuwa ce a gidan nan? In ba ka son gani na ka faɗa, in daina wahalar da kaina." Ya ce, "Ci abincinki." Daga nan ta rage zuwa. Ta yi karatun jinya, ta yi aure a can, ta haifi 'yan mata biyu. In ta bugo waya uwarta take nema. In shi ya ɗauka, gaisuwa ce a taƙaice, sai ta ce, "Mama tana kusa?"

A 1996 gwamnati ta ce an rufe wurin. Aka riƙa zaro makaman daga ramukansu ana wucewa da su a kan manyan motoci, a rufe da tamfol. Sojoji suka kwashe iyalansu, makarantar ƙauye ta koma aji ɗaya, Baptistin ya zauna yana korar ƙudaje yana tsine wa zaman lafiya. Aikin Firmin na ƙarshe shi ne fito da kujerun nan biyu a bayan motarsa. Ya ɗauka ranar zai ji kamar an sauke masa dutse daga ka, amma da ya isa gida sai ya zauna a bakin gado kawai, bai san abin da zai yi da kansa ba. Jiniyar Laraba ta ci gaba da firgita shi kamar da.

Ba a toshe ramin ba. Wasu masana daga jami'a suka karɓe shi, suka ce a duk ƙasar ba inda ya kai cikinsa shiru, suka shigar da na'urorinsu na sauraren motsin ƙasa da na ruwan da ke tafiya cikin dutse. Bayan 'yan shekaru suka sa rana suka ce kowa ya zo ya gani. Saje Rouvier, wanda ya yi ritaya ya auri wata 'yar ƙauyen, shi aka roƙa ya riƙa zagayawa da mutane. Abin ya dace da zuwan Nadine ganin uwarta, ta ce ita kam sai ta ga ramin da ya cinye mata uba.

Su uku suka hau. Da suka isa bakin ramin, sanyin ciki da warinsa suka bugi Firmin, sai ya tsaya cak.

"Ku shiga. Ni na gan shi."

Ya zauna a kan katanga cikin rana. Josette da Nadine suka bi ayari. Rouvier yana gaba yana ta zuba, ya nuna musu kwane-kwanen hanyar da lungunan, ya nuna kaurin ƙofofi. Da suka zo tsakanin ta biyu da ta uku ya tsaya, don nan ne yake da labarin da ke sa mutane dariya.

"A nan muka taɓa mantawa da wani bawan Allah. Aradu ta faɗa mana, wurin ya rufe, shi kuma ya ɗauka an tashi duniya. Ku duba nan, duk shi ya yi wannan da ƙarfen taya. Da na buɗe, kun san abin da ya fara tambaya ta? Wai Peyrolet tana nan?"

Aka yi dariya. Nadine ta matsa ta sa yatsa a cikin ɓantaren fentin.

"Wace shekara ce?" ta tambaya.

"Tamanin da uku, da kaka." Sai a lokacin Rouvier ya lura da Josette a bayan mutane, ya gane wadda ke tambayar. Ya cire hularsa ya riƙa murza ta. "Mu ƙarasa ciki," in ji shi.

Su biyun ba su ƙarasa ba, suka juyo da ƙafa. A hanya Josette ba ta ce komai ba sai, "Ranar da ya dawo ba babur." Suka same shi inda suka bar shi, yana ɓare busasshiyar ciyawa. Nadine ta tsaya a kansa, idanunta jajur.

"Saboda wannan ne?"

Ya dubi fuskarta, ya dubi ta Josette, ya gane. "Rouvier ba ya iya riƙe bakinsa."

"Tambayar ka nake, Baba. Saboda wannan ka kore ni?"

"Ban kore ki ba. Nesa na kai ki."

"Ka san abin da na yi ta tunani duk shekarun nan? Da ka faɗa min ko da rabi ne!"

"An rantsar da ni."

"To, da ka yi min ƙarya mai kyau mana! Ka ce iskar teku ce za ta yi min magani, ka ce komai!"

"Ban iya ba," in ji shi. "Kuma da na faɗa miki, da ke ma kin daina barci."

Ta juya masa baya ta yi kukanta, shi kuma bai san ko ya taɓa ta ba, sai ya zauna da ciyawarsa a hannu. Josette ce ta gaji ta ce, "To, ku tashi haka nan, rana tana dukan mu, ga miya na bari a wuta."

Ba za a ce komai ya gyaru a ranar ba. Nadine ba ta dawo Peyrolet da zama ba, rayuwarta tana Bayonne, kuma akwai abin da in ya wuce ba ya dawowa. Amma da bazara ta zo ta turo 'yan matanta biyu su yi hutu, ta ce wa uban a waya, "In ka yanko musu tikiti kafin lokaci, ni da kai ne." Makon farko ya yi ta zirga-zirga yana bin su duk inda suka sa ƙafa, har ƙaramar ta ce, "Kaka, ba ka da aikin yi ne?" Bai yanki tikitin ba. Suka yi hutunsu cif, suka koma gida sun yi baƙi ƙirin saboda rana, da guzurin cuku da zuma. Tun daga nan kowace bazara suna zuwa, wani lokaci har da uwar.

Firmin ya rasu a 2011, bayan gajeriyar jinya, Nadine ce ta yi jinyar tasa da hannunta. Bayan an dawo daga maƙabarta, suna wanke kofunan 'yan gaisuwa, ta tambayi uwarta ko tsoron ya taɓa sakin sa.

Josette ta yi ɗan tunani tana goge kofi. "Duka dai ban sani ba, ba ya faɗa. Amma shekarun nan na ƙarshe munshari yake yi kamar injin niƙa, har sai da na koma ɗakinki da kwana."

Da kaka ta sayar da awakin, ta ba wasu ma'aurata daga cikin masanan ramin hayar gidan, ta bi 'yarta Bayonne.